Darasin Juma'a: Biyan Kuɗin Magani da Kaya ko da Aiki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Darasinmu na wannan mako a kan wata tambaya ce da ake yawan yi a nan Sabo da Shasha da Bodija: mutum ba shi da kuɗi a hannu, amma yana da kaya a rumfa ko sana'a a hannu, ga mara lafiya a kwance. Shin ya halatta ya biya likita ko mai kemis da buhun wake, ko da ɗinki, ko da gadi?

Tambayar ba ta wasa ba ce. A Najeriya, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. Kowa kuma yana tuna farkon 2023 da aka canza takardun naira, mai kaya cike da shago ya rasa dubu biyar a hannu. Mu kuma baƙi ne a nan. Dangin da za a ruga wurinsu suna can Arewa.

Asalin hukunci

Amsar a taƙaice: ya halatta. Ladan aiki ba dole sai kuɗi ba. Ya tabbata a hadisi cewa wani wanzami mai suna Abu Ɗaiba ya yi wa Annabi (SAW) ƙaho, aka biya shi da abinci awon sa'i. Haka nan hadisin Abu Sa'idil Khudri: sahabbai sun yi wa wani shugaban ƙabila ruƙiyya da Fatiha bayan harbin kunama, aka ba su garken tumaki, Annabi (SAW) ya amince. Biya da aiki kuwa, a duba Suratul Ƙasas aya ta 27, inda Annabi Musa (AS) ya ɗauki aikin shekara takwas a madadin sadaki.

Mu ma a gida ba baƙon abu ba ne. Iyayenmu da damin hatsi suke sallamar wanzami in kaka ta yi, ungozoma kuma tana da rabonta ranar suna. Ba ni gishiri in ba ka manda, da shi aka saba. Sai dai a ƙauye kowa ya san kowa, kuma kowa ya san girman dami. A nan ba haka ba ne, shi ya sa rigima ke tashi.

Sharaɗi na ɗaya: komai ya zama sananne

"Zan kawo maka wani abu in kasuwa ta buɗe" ba ciniki ba ne, shi ne malamai ke kira garari, wato ciniki cikin duhu. A faɗi irin kayan, da yawansa, da ranar kawowa. Wake ne? Fari ko ja? Buhu nawa? In awo ne, da wane ma'auni? Mudun da muka sani a Arewa daban, kongon Ibadan daban. In aiki ne, a ƙayyade shi: tela zai ɗinka zannuwan gado ashirin, ko mai gadi zai kwana a ƙofar asibitin dare talatin. Kar a ce "ka dinga taimaka mana" ba iyaka. Wannan hanyar bauta ce.

Na biyu: a yi maganar tun farko

A nan ne da yawa ke tuntuɓe. A ce kuɗin aiki naira dubu tamanin ne, an riga an rubuta shi bashi a kanka. Sai bayan wata ɗaya ka je ka ce a mayar da shi buhu biyu na albasa, za ka kawo bayan Sallah. Malaman Malikiyya sun hana wannan, domin mayar da bashi wani bashin ne. Hanya biyu ce mai tsabta. Ko dai tun kafin a fara magani ku daidaita cewa ladan buhu biyu ne, ko albasa ta yi tsada ko ta faɗi. Ko kuma bashin ya zauna a naira, ranar biya ka kawo albasar a yi mata kuɗi a farashin ranar, ya karɓa nan take. Duk mai sayar da gwari ya san yadda farashi ke juyawa tsakanin kaka da damina, don haka kar a bar wannan a buɗe. Mayar da tsohon bashi ya koma aiki kuwa akwai saɓanin malamai a kai. A tambayi Liman kafin a ƙulla.

Na uku: a rubuta, a sa shaidu

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, a kan rubuta bashi ta sauka. Yawancin masu asibitocin kuɗi a nan da Yarbanci ko Turanci ake magana da su. A tafi da wanda ke jin yaren sosai, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Duk abin da ka kai, ko tiya ɗaya ce, a ba ka rasit. Mu'amala da likitan da ba Musulmi ba babu laifi a cikinta, kuma cika masa alkawari wajibi ne kamar na kowa. In ka ce waken bana ne, kar ka kai na bara mai ƙwari. Mutum ɗaya ya ci amana, sai a rufe wa Hausawan unguwa gaba ɗaya ƙofa.

Abubuwan kiyayewa

Asibitin gwamnati, irin su UCH, ba ya karɓar kaya. Kuɗi a asusun gwamnati ake biya a karɓi rasit. Ba wa ma'aikaci rago ko shadda don ya share maka lissafi ko ya tsallakar da kai layi, wannan ba musaya ba ce, cin hanci ne.

Kar a tsaya ciniki rai na hannun Allah. Mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, ko yaro mai jijjiga, a kai su tukuna. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa.

Kar ka ba da abin da kake ci da shi. Tela ya ba da aikin ɗinki, ba keken ba. Ɗan acaba ya ba da zirga-zirga, ba mashin ba. Kuma kar a cire yaro daga makaranta a tura shi wanke-wanke don biyan bashin babba.

Ku kuma 'yan uwanmu masu kemis da masu maganin gargajiya, ku ji tsoron Allah. Kayan dubu hamsin kar a karɓe shi a dubu talatin don an ga mutum a matse. Baƙara 280 ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Wanda bashin asibiti ya yi wa katutu kuwa, kar kunya ta kashe shi. Masu bashi suna cikin mutum takwas da Suratut Tauba aya ta 60 ta ba haƙƙi a zakka. Alhazanmu masu fitar da zakka, ku fara duba maƙwabta. Mai neman shaidu ko mai rubuta masa takarda ya same mu bayan sallar La'asar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya biya wa masu bashi, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci