Masu Sharhin Kaya, A Daina Tura Wa Kamfanoni Wasiƙar Bara

Akwai wata jita-jita da ta ƙi mutuwa a tsakanin matasa masu sharhin wayoyi da kayan kwalliya a TikTok da YouTube, wai da zarar mabiyanka sun kai 10,000 kamfanoni za su fara aiko maka da kaya kyauta har gida. Babu kamfanin da ke da wannan doka. Jita-jitar ce kuma take haifar da irin wasiƙun da samari ke kawo min in duba musu kafin su tura: "Ranka ya daɗe, ina sha'awar sharhin waya amma ba ni da hali, don Allah a taimaka min da ko guda ɗaya ce." Malam, wannan bara ce, shi kuwa jami'in hulɗa da jama'a na kamfani ba zakka aka ba shi ya raba ba.

Kayan da ake ware wa masu sharhi ƙidayayyu ne, daga kasafin talla suke fitowa, kuma wanda ya raba su sai ya yi wa na sama da shi bayanin abin da aka samu. Masu tsadar ma galibi aro ne. Kamfanoni irin su Apple da Samsung kan ba da waya na ɗan lokaci sannan a mayar musu, sau da yawa tare da sharaɗin ba za ka saki sharhinka ba sai ranar da suka tsayar. Wanda ya karya sharaɗin, ko ya kai wayar aro kasuwa, ya rufe wa kansa ƙofa.

To, a fara da aiki kafin a fara nema. Marques Brownlee, ɗan Amurkan nan da kamfanoni ke rububinsa yau, da kwamfutar HP ta kansa ya soma a 2009. Yi sharhin wayar da ke hannunka, ko ka ari ta wani mai shago a Farm Centre ta Kano ka ambaci shagonsa. Nemi ƙananan kaya tukuna, caja, fawa bank, turaren wuta na masu haɗawa a gida, ko sabon littafi daga mawallafi.

Idan za ka rubuta, ɗauki adireshin sashen 'yan jarida daga shafin kamfanin na ainihi, ka bar cika musu akwatin Instagram da "Salam". Tecno, Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, amma kowanne da sunansa za ka neme shi. Wasiƙar kada ta wuce a karanta ta a minti ɗaya: wane ne kai, da wane harshe kake sharhi, ina masu kallonka suke, mutum nawa ke kallon kowane bidiyo. Wannan adadin ya fi musu yawan mabiya muhimmanci, domin sun san ana sayen mabiya. Haɗa da sharhinka biyu ko uku mafi kyau, ka faɗi ainihin samfurin da kake so, da lokacin da za ka mayar. Kada ka ɓoye cewa da Hausa kake yi, ai ita ce jarinka. In an yi shiru, tuna musu sau ɗaya bayan mako biyu, ka wuce.

Inda na fi jin takaici shi ne masu rubuta "zan yabi kayanku sosai". Wanda ya yi alkawarin yabo tun bai taɓa kayan ba ya tashi daga mai sharhi ya koma ɗan talla. Idan batirin ba ya kai la'asar, faɗi haka. Idan hoton dare dishi-dishi yake fitowa, nuna shi. Kuma dole ka gaya wa masu kallo a farkon bidiyo cewa kamfani ne ya ba ka kayan, kyauta ko aro. A Amurka hukumar FTC ta wajabta wannan tun 2009. Amazon ta hana sharhin da ake yi a madadin kayan kyauta a 2016, in ban da ta shirinta na Vine. Mujallar Consumer Reports kuwa da kuɗinta take sayen duk abin da za ta gwada. Mu a nan, mutum zai ɗaga man shafawa ya rantse shi ya gyara masa fata, alhali jiya aka kawo masa kwalin, wata baiwar Allah ta je ta kashe kuɗin cefanenta a kai. Wannan cin amana ne, kuma masu kallo suna ganewa, komai daɗewa.

Sai 'yan damfara. Duk saƙon da ya ce an zaɓe ka za a aiko maka da waya amma ka fara biyan kuɗin aike ko na kwastam, goge shi. Kamfanin da ke son sharhinka shi ke biyan kuɗin kawo kayansa.