Labule Mai Rahusa da Yaƙi da Sauro

Ɗalibai, amfanin labule ya wuce ado. A shekarar 1897, a ƙasar Indiya, Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a tumbin sauro. Macen sauron Anofilis ce ke yaɗa ta. Da dare take cizo, da rana kuwa sai ta laɓe inda ke da duhu, kamar bayan labule mai kauri da baƙin launi.

Saboda haka a zaɓi yadi mai haske, kamar alawayyo ko tsohuwar atamfa da ta koɗe. A auna faɗin taga, a ƙara rabinsa domin tattara. A naɗe bakin yadin a ɗinke, a zura igiya, a ɗaure a ƙusa biyu. Ba sai an sayi sanda ba.

Sai dai labule ba ya hana sauro shiga. Wanda bai da kuɗin raga, ya yanki inda bai yage ba a tsohon gidan sauro, ya kafa a taga.

Aiki: gobe da safe ku girgiza labulen ɗakinku, ku ƙirga sauron da suka tashi, ku kawo wa malaminku adadin.