Kafin Ki Ajiye Aikin Ƙungiyar Agaji

Darasinmu na wannan fitowa naki ne, ke da kike aiki a ɗaya daga cikin ƙungiyoyi masu zaman kansu, irin masu kula da lafiyar mata da yara, ko karatun 'ya'ya mata, ko 'yan gudun hijira, kuma zuciyarki ta fara raya miki ki sauya wuri. Wataƙila an yi miki tayin albashi mai tsoka ne, wataƙila gajiya ce, ko kuwa kin ji ƙishin-ƙishin kuɗin shirinku ya kusa ƙarewa.

Ki fara da sanin inda albashin yake fitowa. Yawancin ƙungiyoyin nan da kuɗin masu ba da tallafi suke tafiya, kuma tallafin na wani shiri ne mai wa'adi, shekara ɗaya, biyu ko uku. Ranar da shirin ya ƙare, kwantiraginki ya ƙare, komai ƙwazonki. Mun ga haka ƙuru-ƙuru a shekarar 2025. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, zuwa Yuli kuma aka rufe hukumar USAID, ma'aikata da dama a Maiduguri da sauran wurare suka wayi gari babu aiki. Don haka in sabon wuri ya kira ki, kada ki ji kunyar tambaya: wa ke ba da kuɗin shirin, kuma saura wata nawa? Albashi ninki biyu na wata shida bai kai rabinsa na shekara uku ba, ki lissafa da kanki ki gani. Ƙungiyar da ta dogara da mai tallafi ɗaya tak kuwa, ai a kan siraɗi take.

Sai batun inda za a tura ki, kuma a nan ne matar aure ta bambanta da budurwa. Sau da yawa kuɗin yana da yawa ne saboda aikin na Monguno ne, ko Bama, ko Ngala, a yi makonni ba a leƙo gida ba. Ba tsoratarwa nake yi ba, amma ba mu manta da ungozomomi biyu masu aiki da Red Cross da aka sace a Rann a 2018 aka kashe su ba, Allah Ya ji ƙansu. Ki zauna da maigida tun kafin ki aika takardar neman aikin, ba sai an ɗauke ki ba sannan ki zo masa da labari. Wa zai kai yara makaranta? Wa zai kwana da na goye? In amsar ita ce "Hajiya za ta riƙe su", to, an tambayi Hajiyar?

Ki karanta takardar kwantiragi layi-layi, tsohuwar da sabuwar. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta bai wa mai haihuwa hutun mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata 6 a wurin. Kenan mai juna biyu da ta sauya aiki tana iya rasa wannan kuɗin. Ki duba kuma sanarwar kwana nawa aka ce ki bayar kafin ki tafi, ki cika ta. Fansho kam ba ya ɓata. Dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinki, mai aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, kuma asusun naki ne, yana bin ki duk inda kika koma. Sai dai ki nemi bayanin asusun ki tabbatar ana zubawa, don akwai masu cirewa ba sa turawa.

In gajiya ce ke korar ki, ki tantance: aikin ne ya ishe ki, ko shugabar sashenku? In mutum guda ne matsalar, neman canjin sashe ya fi sauƙi. In kuwa ana sa ki ƙara sunayen bogi cikin jerin waɗanda suka karɓi kayan agaji, ko sa hannu a kan taron da ba a yi ba, wannan ba gajiya ba ce, haƙƙin marayu da zawarawa ne, kuma ni a ganina ya isa dalilin tafiya ko da sabon albashin bai kai ba. Wasu kuma nauyin mutanen da suke taimako ke hana su motsi, su ce in na tafi wa zai kula da su. Abin da ke kanki shi ne ki miƙa aikin a tsare: takardu, lissafin kuɗi, lambobin masu unguwanni da kuke hulɗa da su, ki kuma nuna wa wadda za ta gaje ki.

Bayan shawara sai istihara, raka'a biyu na nafila da addu'ar da ta zo a hadisin Jabir ɗan Abdullahi. Ba sharaɗi ba ne sai kin yi mafarki. Kuma kada ki rubuta takardar ajiye aiki don an yi miki albishir ta waya. Ki bari takardar ɗauka ta shigo hannunki, da sa hannu da ranar fara aiki.