Takardar Koyon Tuƙi: Darasi Domin Hakimai da Magatakarda

A garuruwa da yawa akan ga yaro ɗan shekara 15 ko 16 ya karɓi makullin motar ubansa ko ta maigidansa, ya hau titi, mutane suna cewa ai ya iya. To, iyawa dabam, izni dabam. Wannan darasi zai bayyana hanyar da doka ta shimfiɗa wa saurayi mai son koyon tuƙi, da kuma inda hannun hakimi da magatakardansa ya shiga ciki.

1. Shekaru. A Nijeriya ba a ba kowa lasin tuƙi sai ya cika shekara 18. Dalili kuwa shi ne, juya sitiyari abu ne mai sauƙi, yaro yakan koye shi cikin mako guda, amma sanin lokacin da za a rage gudu, da haƙuri in wani ya sha gabansa, waɗannan sai hankali ya nuna.

2. Neman takarda. Wanda shekarunsa suka kai sai ya shiga makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta amince da ita. An kafa wannan hukuma a 1988. Sa'an nan ya nemi takardar koyo daga ofishin lasin na jiharsa.

3. Sharuɗɗa. Takardar koyo ba lasin ba ce. Mai ita ba ya tuƙi shi kaɗai, lalle ne direba mai lasin ya zauna kusa da shi. Dole kuma a manna harafin L ja a gaban motar da bayanta, domin sauran direbobi su gani su ba shi sarari. Ba shi da iznin yin haya ko ɗaukar fasinja.

4. Jarrabawa. In ya gama koyo, jami'in duba motoci, wanda direbobi ke kira VIO, shi zai gwada shi a kan alamun hanya da kuma tuƙi. In ya ci, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, kana a ba shi lasin.

5. Aikin hakimi. Tushen duk wannan shiri shi ne shekarun yaro, kuma a nan ne aka fi samun ɓarna. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar. Amma har yanzu akwai samari da yawa waɗanda ba a yi musu rajista ba, su kuwa sukan zo ƙofar hakimi neman shaida. Wani uban zai roƙi magatakarda ya ƙara wa ɗansa shekara biyu, yana cewa alfarma ce ƙarama. Ba ƙarama ba ce. In yaron ya buge ɗan wani a bakin kasuwa, alƙali zai nemi sanin wanda ya sa hannu a kan takardar, kuma babu tarar da za ta mayar da ran da ya tafi.

Saboda haka ya kamata magatakarda ya bincika kafin ya rubuta. Ya tambayi mai unguwa da limamin da ya raɗa suna, ya duba rajistar makaranta ko katin asibiti. Abin da bai tabbata ba, kada ya sa masa hatimi. Hakimi kuma ya riƙa jan kunnen dagatai da shugabannin tasha, kada a bar yaran mota suna karɓar sitiyari da dare.

Uban da aka ce ya jira shekara biyu wataƙila ya yi fushi yau, amma sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu.