Kafin Ka Taɓa Tsohuwar Hilux

Malam, tambayarka kan farfaɗo da tsohuwar a-kori-kurar Hilux mai ja da ƙafa huɗu ta faranta mini rai. Amma kada ka fara da fenti.

Shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma, ka bubbuga ƙarfen da ke ɗauke da jikinta, musamman inda sifirin ɗin baya ya kama. In tsatsa tana zubowa kamar garin tuwo, walda za ta cinye kuɗinka, gara ka haƙura. In ƙarfen na ƙara lafiya lau, to bismillah: birki tukuna, sannan inji, sannan giyar da ke kai ƙarfi ƙafafun gaba. Kayan gyaranta kuwa, leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, tare da bakaniken da ka yarda da shi.