Daga Hanci Zuwa Ƙoda: Darasi Kan Ƙyanda da Korona

Baƙon da ya shigo birnin Katsina ta Ƙofar Sauri, in ya bi titi, yana iya kaiwa kasuwa, ya kai Gidan Korau, ya shiga kowane lungu. Haka ƙwayar cutar da ake kira bairos take yi a jikinmu. Hanci da baki su ne ƙofa, jini kuwa shi ne titi.

Mu fara da ƙyanda, wadda iyayenmu ke ce wa baƙon dauro. Da yawanmu mun ɗauke ta ciwon fata, don ƙuraje muke gani. Alhali ta iska take shiga, idan mai ita ya yi tari ko atishawa. A huhu takan kama ƙwayoyin da ke tsaron jiki, ta hau su kamar doki, su kai ta cikin kaluluwa, daga nan ta bazu a jini. Ƙurajen ba sa fitowa sai bayan kamar kwana 14. Lokacin nan ta riga ta yi nisa. Ta taɓa hanji, ga zawo. Ta taɓa kunne, ga mugunya. Yaron da ba shi da isasshen bitamin A kuwa yana iya makancewa. Kusan ɗaya cikin yara 1,000 da suka kamu, ƙwaƙwalwarsa kan kumbura. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne binciken da aka buga a 2019, wanda ya nuna ƙyanda tana sa jiki ya manta da cututtukan da ya riga ya koyi yaƙa. Shi ya sa yaro zai warke, amma ya yi ta laulayi wata da watanni.

Korona ma haka. Ta bayyana a Jihar Katsina a Afrilu 2020, inda wani likita ya rasu a Daura. Ƙwayarta tana maƙalewa a wani sinadari mai suna ACE2, wanda ake samu a huhu da zuciya da ƙoda da hanji. Takan kuma sa jini ya yi gudaji. Don haka wani ya daina jin ƙamshi, wani ƙodarsa ta tsaya, wani ɓarin jikinsa ya shanye.

Ɗalibai, in kun je hutu ku duba katin rigakafin ƙannenku. Allurar ƙyanda sau biyu ake yi, a wata 9 da wata 15, kuma ta biyun ce iyaye suka fi mantawa.