Mu Daina Ɗora wa Haƙori Laifin Zazzaɓi

A shekarun da na yi ina aikin jinya tsakanin Gwandu da Kalgo, babu maganar da ta fi yawan shiga kunnena kamar wannan: "Malama, haƙori ne yake yi." Uwa ta kwance goyo, jikin yaro rau kamar garwashi, yau kwana uku, an jiƙa masa wannan, an shafa masa wancan.

Fitowar haƙori kan sa yaro rigima da zubar da miyau, jiki ya ɗan yi ɗumi. Amma idan ma'aunin zafi ya nuna 38 ko fiye, wannan ba aikin haƙori ba ne, akwai cuta a ƙarƙashinsa.

A nan wajenmu yawanci zazzaɓin cizon sauro ne. Fadamun da ke ba mu shinkafa su ne kuma ke raya sauro. Binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada, babu jihar da ta kai mu. Shi ya sa da aka tashi fara allurar rigakafin maleriya a Disambar 2024, da Kebbi da Bayelsa aka soma. Sai dai ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Mutanen Gwandu ba su manta sanƙarau na farkon 2025 ba, wanda ya taɓa Aliero da Jega. Akwai ciwon haƙarƙari, akwai ƙyanda. Gwajin maleriya na ɗigon jini daga yatsa ba ya wuce minti ashirin, shi ne zai raba gardama, ba hasashen mai kemis ba.

Kafin a isa asibiti, a rage masa kaya, a daina lulluɓe shi da bargo. A ci gaba da ba shi nono da ruwa. A ba shi farasitamol na yara gwargwadon nauyinsa, a bar awa shida tsakani. Kada a ba shi asfirin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jijjiga. Na ga yaron da aka cusa wa cokali a baki har dasashinsa ya fashe, na ga wanda aka ɗura wa jiƙo yana cikin taune-taune, ya shaƙe. Iyayen ba mugunta suka yi ba, firgita ce. Abin yi shi ne a kwantar da shi ta gefe guda, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a sa komai a bakinsa, sannan a ɗauko shi zuwa asibiti. Haka kuma idan ya ƙi nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko wuyansa ya sanƙare, ko maɗigarsa ta kumbura, ko an tashe shi bai farka sosai ba. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa dalili.

Sau nawa na tambayi uwa me ya tsayar da ita, ta sunkuyar da kai ta ce maigida ba ya nan. Don Allah iyaye maza, ku ba da izini tun yau, ku ajiye kuɗin mashin a ɗaki: duk sa'ar da jikin yaro ya yi zafi, ko da tsakar dare ne, a kai shi asibiti ba sai an jira dawowarku ba.